Allon Mutanen Tsibiri

12 ga Janairu

Uwar-tambaya,

Gaisuwa mai yawa daga kawunki da kika ajiye a gefe. Ina fata kina lafiya, karatu yana tafiya. Mu nan ƙalau muke, in ban da idona na hagu da ya fara yi mini gardama. Likita ya ce yanar ido ce, za a cire ta in ta nuna. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko har yanzu a tsaye kike cin abinci.

Wasiƙar mahaifiyarki ta iso makon jiya. Ni da ita zumuncinmu sai an zauna an lissafa, kakanninmu ne wa da ƙani, amma ba ta taɓa barin shekara ta wuce ba ta rubuto ba. Tana tsakiyar ba ni labarin gida sai ta jefo cewa an ɗora miki "wani aikin rubuce-rubuce na 'yan makaranta". Sai a layin ƙarshe na gane ashe ke ce sakatariyar Babban Taro na ashirin na Tarayyar Ƙungiyoyin Ɗalibai ta ƙasa da ƙasa! Na miƙe tsaye da takardar a hannu, har gwaggonki ta ɗauka kunama ce.

Kin san ni ne sakataren taro na tara? Shekara talatin da uku ke nan. Ofis ɗin yana nan a saman shagon mai gyaran takalmi? Matakala ta bakwai tana nan tana kuka in an taka ta? A can na koyi bugun tafireta da yatsu biyu.

Ga abin da ba za ki samu a kundin dokoki ba. Ki kula da tafintoci fiye da manyan baƙi; tafinta in ya ji ƙishirwa, sai ƙasashe biyu su yi faɗa a kan abin da ba wanda ya faɗa. Kada ki haɗa masu dogon jawabi a jere ɗaya, suna zuga juna. Ki ƙirga katunan da hannunki, kore na masu ƙuri'a, rawaya na 'yan kallo da ke zama a bene. Sai hatimin kwanan wata: duk takardar da ta shigo, ki buga mata ranar da ta shigo. Kada ki taɓa juya shi baya, ko da uwarki ce ta roƙe ki.

Ki leƙa sito ki gani ko allunan sunayen ƙungiyoyi suna nan. Ni da wani abokina muka yi musu fenti a kan rufin ofis, yamma uku a jere, allo arba'in da ɗaya. Ya fi ni iya rubutu, na fi shi surutu.

Ki rubuto, ki cika ni da tambayoyi yadda kika saba.

Kawunki

29 ga Janairu

Kawu,

Na same ka lafiya? Allah ya sawwaƙe idon. Ka ce wa Gwaggo yanzu a zaune nake ci, amma da takarda a ɗaya hannun.

Ofis yana nan, matakala tana nan tana kukanta. Mai gyaran takalmin ya rasu, jikansa yana sayar da batir da fitilu a wurin. Hotonka yana rataye a baranda cikin jerin tsofaffin sakatarori, da wata suma da ban taɓa zaton ka yi ba. Mama mai tafireta, wadda ta fara aiki a nan tana yarinya, ta ce, "Au, kawunki ne? Wanda yake goge takalmi kafin ya hau matakala? Ai shi ya sa ke ma kin cika tsirfa."

Na sami allunan. Muka kwaso su, muka jera a ƙasa, muna dubawa da jerin sunayen membobi. Kowane allo ya sami mai shi, sai guda ɗaya: na Ƙungiyar Ɗaliban Tsibirai. Fentinsa ya fi na kowa sabunta, kamar ba a taɓa ɗora shi a kan tebur ba.

Abin mamaki, a watan jiya mutanen tsibirin suka rubuto suna so su dawo. Shugabanmu, wanda muke kira Mai-agogo, ya buɗe littafin rahoton taro na tara ya nuna mini layi ɗaya: "Wakilin tsibirai ya janye ƙungiyarsa daga Tarayya." Ka san doka. Ƙungiyar da ta daina zuwa kawai, kujerarta tana nan tana jiranta. Wadda ta janye kuwa sai ta sake nema, ta yi taro biyu a bene da katin rawaya, shekara shida ba ƙuri'a. Su kuma sun ce ba su taɓa janyewa ba, kuma in aka sake ba su katin rawaya, sun tafi ke nan har abada.

Kawu, rubutun hannunka ne a littafin. Me ya faru? Duk wata shaida sai ta iso ofis kafin a tashi aiki ranar 20 ga Afrilu, ranar da ake rufe karɓar takardu.

'Yarka, mai tambaya

14 ga Fabrairu

Uwar-tambaya,

Na ji daɗin wasiƙarki. Lafiya lau, sai dai rubutu ya fara yi mini wuya, layukan suna hawa kan juna. Ki gaishe mini da mai tafireta, ki ce mata har yau ina goge takalmi. Sumar da kika gani kuwa, ita ma ta tafi tare da mai gyaran takalmin.

Tun da kin samo allunan, ki shafa musu ɗan mai da tsumma, kada ki wanke su da ruwa. Ranar buɗe taro ki sa a jera su tun da safe, ki tsaya a bakin ƙofa ki kalli zauren kafin kowa ya shigo. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan kyau ba: tebura a jere, ruwa a kofuna, sunayen duniya suna jiran masu su. Muna ganin mu za mu gyara komai a lokacin.

Maganar mutanen tsibiri kuwa, duk abin da aka yi musu, bisa doka aka yi shi, ba wanda zai kama sakatare da laifi a kan takarda. Ki ba ni lokaci.

Kawunki

26 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Gwaggo.

Na karanta layinka na ƙarshe sau biyar. Shafi guda a kan man goge allo, layi biyu a kan mutanen da za su rasa kujerarsu. "Bisa doka aka yi." Haka Mai-agogo yake faɗa, har da irin tsayawar da yake yi a kan kalmar doka. Na nuna masa ma, ya ce, "To kin gani, tsohon ya fi ki sanin aiki."

Kai ne ka zaunar da ni ina 'yar shekara tara, lokacin da muka zo hutu, ka ce duk wanda ya ce mini "haka ake yi" in tambaye shi wa ya fara. Shi ya sa ka sa mini sunan nan. Yanzu na tambaye ka, ka rufe mini ƙofa.

In ba ka so a tono, ka faɗa mini kai tsaye, in san cewa ni kaɗai ce.

'Yarka

24 ga Maris

Kawu,

Wata guda ke nan shiru. Na buga waya kwalejinku, suka ce tun da ka yi ritaya ba ka cika leƙowa ba. Na rubuta wa mahaifiyata, ita ma ba ta ji daga gare ku ba. In fushi ka yi da maganata, ka yi haƙuri, bakina ya yi kaifi. In kuma jikin ne, don Allah Gwaggo ta aiko da layi ɗaya.

Aiki ya taso mana. Ɗakunan kwanan wakilai ba su isa ba, tafinta ɗaya ta fasa zuwa, an buga takardun shirin taro da shafi na huɗu a kife. Mutanen tsibiri sun ce za su turo wakiliya ɗaya, ta zo ta ji da kunnenta. Mai-agogo ya riga ya sa an rubuta sunanta a katin rawaya. Yana cikin durowata, kullum sai na gan shi in na ɗauko biro.

Saura kwana ashirin da bakwai.

'Yarka

11 ga Afrilu

Uwar-tambaya,

Ki yi haƙuri da manyan haruffan nan, ido ɗaya ne yake aiki. An yi mini aikin a farkon Maris, wurin ya ɗan kumbura, aka hana ni karatu da rubutu mako biyar. Gwaggonki ta ɓoye wasiƙunki biyu a cikin akwatin zannuwanta don ta san halina. Jiya ta ba ni. Da sauƙi sosai yanzu, har na gane ashe labulen ɗakinmu yana da furanni.

Ban yi fushi ba. Layin da ya ɓata miki rai ba kare kaina nake yi da shi ba, tuhumar kaina nake yi, sai dai na rubuta shi da rabin baki irin na matsorata. Na ce ki ba ni lokaci don in nemo wata takarda, in kuma nemo ƙarfin halin aiko ta. Ga labarin.

Abokin da muka yi fentin alluna tare shi ne wakilin tsibirai. Muna ce masa Mai-lema, don ko rana ta take sai ka gan shi da baƙar lema mai mariƙin katako. Ɗaki ɗaya muka zauna shekara biyu muna karatu. Da ya gama ya koma gida, ƙungiyarsu ta zaɓe shi, ya shiga jirgin ruwa kwana tara ya dawo don taron. Shi ya rubuta allonsu da hannunsa, ya yi ta gyara shi har na ce masa ba hoton amarya ba ne.

Takardar shaidar wakilcinsa ta biyo wani jirgin dabam. Ta iso kwana ɗaya bayan an rufe. Na buga mata hatimin ranar da ta zo, kuma har yau ban yi nadamar wannan ba. Abin da ya biyo baya ne.

Ki buɗe kundi, sashe na goma sha huɗu, sakin layi na ƙarshe, wanda ba wanda yake karantawa. Takardar da ta makara, sakatare yana da ikon ya kai ta gaban zaure kafin kiran suna, in kashi biyu cikin uku suka ɗaga kati, an karɓe ta. Na san da shi. Mai-lema ma ya sani. Amma a makon nan ana ta raɗe-raɗin cewa sakatare yana fifita abokansa, ni kuma ina jin daɗin a ce da ni mutum ne da ba ya lanƙwasuwa. Na miƙa masa katin rawaya da hannuna. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Sakatare, ni ne fa." Na ce, "A nan ba ni da aboki." Wallahi har ina jin na faɗi magana mai kyau.

Ya hau bene ya zauna. Ya aiko mini da 'yar takarda yana neman in kai maganarsa gaban zaure. Na karanta, na ninke, na sa a aljihu. Na tashi na yi kiran suna, ƙungiya arba'in, na tsallake tasa. Da na ɗaga kai, yana saukowa daga bene. Ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya fita haka nan. Da aka tashi na hau, na tarar da lemarsa a jingine da kujera.

Washegari zan rubuta rahoto, na rasa yadda zan rubuta abin da ya faru ba tare da na rubuta kaina a ciki ba. Sai na rubuta "ya janye". Kalma biyu, na huta. Ban san za su ci mutane shekara talatin da uku ba. Ko kuwa na sani, na ƙi dubawa.

Ban sake jin duriyarsa ba. Na fara rubuta masa ya fi sau goma. Lemar tana bayan ƙofata; sau uku gwaggonki tana ƙoƙarin kyautar da ita.

Ga 'yar takardarsa nan na haɗo miki, ga kuma shaidata da sa hannuna. Ki karanta su a zaure da sunana a ciki, kada ki rage komai. In sun ce a sauke hoton, ki taya su riƙe tsani. Na lissafa, kwana takwas wasiƙa take yi, za ta same ki da sauran kwana ɗaya.

Na koya wa ɗalibai sun fi dubu yadda ake rubuta rahoto na gaskiya. Ke ce ta farko da ta tambaye ni nawa.

Kawunki

13 ga Mayu

Kawu,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce wa Gwaggo na yafe mata ɓoyon wasiƙu, da ni ce ma haka zan yi. Ni ma ka yafe mini. An gama taro, muryata ta dishe, ƙafafuna sun kumbura, amma lafiya lau.

Ka zauna kafin ka karanta wannan. Wasiƙarka ta iso ranar 21.

Da safe mai kawo wasiƙu ya hawo da ita. Na karanta a tsaye, na zauna, na sake karantawa. Na miƙa wa Mama mai tafireta. Ta gama, ta cire tabarau, ta ce, "Ni na buga rahoton nan. Na ga lokacin da ya sa takardar a aljihu. Ina 'yar sha tara, wa zai tambaye ni?" Sai ta turo mini hatimi, ta ce, "'Yar nan, daga ni sai ke a ɗakin nan. Juyi ɗaya ne. Jiya da yau duk na Allah ne."

Kawu, na ɗora yatsana a kan ɗan ƙarfen juya kwanan watan. Da na juya, shi ke nan, takardar ta shiga jerin shaidu, kwamiti ya gyara a ɓoye, ba sai an karanta sunanka a gaban jama'a ba. Na daɗe a haka. Sai na buga 21. Mama ta ce, "Jinin dai ɗaya ne, Allah ya shirye ku."

Na gaya wa Mai-agogo zan yi amfani da sashe na goma sha huɗu. Ya ce ba a taɓa yi ba. Na ce na sani, shi ne ma matsalar. Ya ce, "Za a ce maganar gidanku kika kawo mana." Na ce ai maganar gidanmu ce, shi ya sa ba zan sa ta a aljihu ba.

Ranar buɗewa na tsaya a bakin ƙofa yadda ka ce. Gaskiyarka, yana da kyau. Allon tsibirai na ajiye shi a ƙarƙashin teburina. Wakiliyarsu, wata doguwa mai karatun aikin jinya, ta karɓi katin rawaya da yatsu biyu kamar abin ƙazanta, ta hau bene.

Kafin kiran suna na tashi. Na faɗi cewa takardar ta makara da kwana ɗaya, na faɗi cewa mai shaidar kawuna ne. Zauren ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce in an buɗe wannan ƙofa, kowa zai kawo takardarsa a makare. Wata ta ce masa, "Kai da ka shigo bayan an rufe ƙofar zaure, zauna." Aka yi dariya, na samu na numfasa. Ƙungiya hamsin da bakwai ne, ana bukatar talatin da takwas. Na ƙirga katunan da kaina, Mai-agogo ya sake ƙirgawa yana fatan na yi kuskure. Arba'in.

Na karanta takardar Mai-lema, na karanta taka, ban rage komai ba. Tafintar da nake kai wa ruwa tun safe ta tsaya a wajen "ni ne fa", ta kurɓi ruwa, sannan ta ci gaba. Aka amince a gyara rahoton taro na tara. An rubuta cewa sakatare ya ɓoye takarda, an rubuta sunanka. Hoton kuwa sun ce sabon kwamiti ya yanke, ban san yadda za ta kaya ba.

Sannan na yi kiran suna. Da na zo kansu na ɗauko allon na ɗora a kan tebur. Ta sauko daga bene a hankali, takalminta yana ƙara. Ta zauna, ta ɗaga koren kati, ta ce, "Muna nan."

Da aka fita shan iska ta same ni. Ashe Mai-lema yana da rai. Shi ne tsohon shugaban makarantarsu, ya yi ritaya, yana kiwon kaji. Duk wanda aka zaɓa a ƙungiyar sai ya je ya gaishe shi, shi kuma sai ya ba shi labarin benen. Ta ce ya ba ta saƙo tun kafin ta taso, ko an karɓe su ko ba a karɓe su ba: "In kin ga wanda ya san inda sakataren nan yake, a ce masa ruwa ya ba ni kashi a ranar, ya dawo mini da lemata."

Ga adireshinsa a bayan takardar nan.

'Yarka, mai tambaya

27 ga Mayu

Sakatariya,

Daga yau haka zan riƙa kiran ki, kin ci sunan. Muna lafiya, ido ya washe. Gwaggonki ce ta karanta mini wasiƙarki duk da haka, don na ce mata hasken ɗakin bai isa ba. Ta ce hasken lafiyarsa ƙalau, ta miƙo mini hankici.

Da kin juya hatimin nan, da na ji sauƙi, da kuma na rasa ki. Ni na san sashe na goma sha huɗu da ka, ke kika san amfaninsa. Maganar hoto kada ta dame ki. Yaron da ke cikinsa ya daɗe yana bukatar wanda zai ja masa kunne.

Ki rubuta rahotonki tun abin yana da ɗumi, ki sa har da wanda ya yi guna-guni da wadda ta zaunar da shi. Ki gode wa mai tafireta, ki ce mata ban san ta gani ba.

Na kai lemar wurin mai gyara. Ƙarfe biyu sun karye, ya canza su, ya ce yadin ma ya mutu, a sa sabo. Na ce a'a, mai ita zai so ya gane kayarsa. A gidan waya muka yi rabin awa muna gardama da ma'aikaciyar, wai ba su da kwalin da zai ɗauke ta. Daga ƙarshe muka naɗe ta da takarda mai kauri, muka ɗaure da igiya. Ta ce, "Baba, da ka aika masa kuɗi ya sayi sabuwa a can, ba ta fi sauƙi ba?" Na ce mata aro ce.

Na sa wasiƙa a ciki. Wannan karon na gama ta, layi shida ce kawai. Na tambayi ma'aikaciyar kwana nawa za ta yi a hanya, ta ce in jirgi bai yi latti ba, tara. Na tsaya har ta buga hatimi a gabana, na duba kwanan watan da idona sabo. Daidai yake.

Kawunki